Yadda Unguwa Za Ta Warware Taƙaddamar Titi Ba Tare da Zumunci Ya Lalace Ba

A yawancin unguwanninmu na Birnin Kebbi, maganar titi ba ta tasowa sai ranar da abin hawa ya buge yaro. Kafin magariba matasa sun sa an juye tifa guda ta jar ƙasa a tsakiyar layi, sun tattake ta kamar kunyar dankali. Washegari mai ƙaramar mota ya fito ya ji cikinta yana gurzar ƙasa, da dare kuma ɗan kabu-kabun da bai san da zaman tudun ba ya zube da fasinjarsa, sai a wayi gari maƙwabtan da suka shekara ashirin suna sallah a sahu ɗaya suna gaisawa sama-sama. An taɓa yin haka a layinmu, kuma ina cikin waɗanda suka ba da kuɗin ƙasar. Ruwan farko na watan Yuni ya zo ya tarar da tudun ya tare masa hanya, sai ya karkata ya shige zauren wani dattijo wanda ko wurin shawarar ba a kira shi ba. Da hannunmu muka kwashe ƙasar, amma sai da aka kusa shekara kafin dattijon ya koma zama a majalisarmu.

Duk wata doka da aka ɗora wa titi, wahala ce ake ɗaukewa daga kan wani a aza wa wani. Aikin mai unguwa, da liman, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa shi ne su gano wanda zai ɗauki wahalar, su ji ta bakinsa, su kuma gwada abin na ɗan lokaci kafin a kwaɓa siminti. Ga yadda ake bi.

A fara da ƙidaya kafin a kira taro

A samo matasa huɗu ko biyar masu natsuwa, a ba kowa littafi da biro, su zauna a bakin layin na tsawon mako guda a lokutan da hanya ta fi cika, wato daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, da lokacin tashi daga makaranta, da kuma bayan la'asar zuwa magariba sa'ad da 'yan Islamiyya ke dawowa. A raba kowane shafi gida-gida: masu tafiya a ƙasa, keke, babur, Keke Napep, ƙaramar mota, babbar mota, sai kurar 'yan ga-ruwa da baro da amalanke. Duk abin da ya wuce a ja masa sanda ɗaya. Kada a tsallake ranar Juma'a, domin ita ce ke nuna yadda layin yake idan an rufe babban titi saboda masallaci.

Abu mafi muhimmanci a wannan ƙidaya shi ne a bambanta wanda ya shigo ya tsaya a cikin unguwa da wanda ya ratsa kawai domin ya kauce wa cunkoso ko jami'an hanya a babban titi. Idan masu ratse ne suka fi yawa, maganin yana wajen toshe musu yanke. Idan kuwa ya bayyana cewa masu tsala gudun 'ya'yan unguwa ne a kan baburan iyayensu, wanda hakan yakan faru fiye da yadda iyayen ke son amincewa, to ba tudu ne farkon magani ba, zama da iyaye ne.

Auna gudu ba ya buƙatar na'ura. A ari tef ɗin magini a auna mita 50 a wuri miƙaƙƙe, a ja layi da toka a farko da ƙarshe, sannan a yi amfani da agogon wayar hannu. Abin hawan da ya cinye wannan tazara a sakan 6 yana tafiyar kilomita 30 a awa ɗaya, wanda ya cinye a sakan 4 yana kan 45, wanda ya cinye a sakan 3 kuwa ya kai 60. A auna aƙalla guda talatin a rubuta, kada a zaɓi masu gudu kaɗai don a ƙarfafa hujja, domin a wurin taro akwai wanda zai gane an yi son kai.

Dalilin damuwa da waɗannan lambobi shi ne lissafin birki. Direban da yaro ya ɓullo masa yana buƙatar kamar sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki. A gudun kilomita 30, mota tana cin mita 8 a wannan sakan ɗin, ta ƙara kamar mita 5 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta, jimla wajen mita 13. A gudun kilomita 50 kuwa, sakan ɗin kaɗai yana cin kusan mita 14, ma'ana a daidai inda mai tafiyar 30 ya riga ya tsaya cak, mai tafiyar 50 ko birkin bai taka ba. A kan yashi ko tsakuwa, irin wadda ta rufe gefen yawancin layukanmu, tazarar ta fi haka. Ƙa'idar tuƙi ta Nijeriya ta sa kilomita 50 a matsayin iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari, amma taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokhom ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa. Layin da yara ke wasa a ƙofar gida, awaki ke kwance, mai ƙosai ke suya, ai babu inda ya fi shi cakuɗuwa.

A san mai titin

Titi iri uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega zuwa Yawuri da Kwantagora ta gwamnatin tarayya ce, saboda haka mutanen garin da ta ratsa ba su da hurumin gina mata tudu da kansu komai zafin abin da ya faru. Ofishin ayyuka na tarayya da ke jihar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, su ake rubuta wa. Manyan titunan cikin Birnin Kebbi galibi suna hannun ma'aikatar ayyuka ta jiha, abin da ya shafi tsarin gari da gine-ginen gefen hanya kuma hukumar raya birane ta KUDA ake tuntuɓa. Layukan cikin unguwa su ne suka fi kusa da ƙaramar hukuma.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma yana da kyau wakilan unguwa su san shi kafin su je sakatariya. A ciki akwai ginawa da kula da layuka, da fitilun titi, da magudanan ruwa, da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da bayin jama'a. Akwai kwashe shara. Akwai raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Har lasin keke da baro da amalanke da kwale-kwale yana ciki, abin da dattawan da suka taɓa biyan kuɗin lambar keke ba za su yi mamakinsa ba. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, jama'a sun ƙara samun hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansila abin da aka ware wa unguwarsu. Wanda ya je da wannan sani yana neman haƙƙi ne cikin ladabi, kuma ana saurarensa dabam da wanda ya je neman alfarma.

Ta ɓangaren sarauta kuwa, a bi tsani yadda aka saba, daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa uban ƙasa. Takardar da ta tsallake su takan daɗe a cikin durowa.

Wa za a kira, kuma wa zai fara magana

Taron unguwa yakan zama taron masu gida ne, maza, masu mota ko masu babur. Waɗanda titin ya fi shafa kuwa sau da yawa ba sa wurin: 'yan haya, 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, 'yan ga-ruwa, mai shayi da mai faci da mai tireda, malaman tsangaya da almajiransu ke yawo a layin dare da rana, da mata waɗanda su ne ke aiken yara, su ne kuma ake ɗauka cikin dare zuwa asibiti idan naƙuda ta tashi. A aika wa shugaban tashar 'yan kabu-kabu mafi kusa da takardar gayyata da sunan muƙaminsa, kada a bar shi ya ji a bakin mutane. A kira mutum biyu daga layin da ke bayan naku da wanda ke gabansa, domin duk motar da kuka kora can za ta koma. Mata kuma a shirya musu nasu zaman a makarantar Islamiyya ta matan aure, malama ta rubuta abin da suka ce, a karanta shi a babban taro kafin a fara muhawara.

Ranar Asabar bayan la'asar ta fi dacewa, a ƙofar gidan mai unguwa ko harabar makaranta. A fara da addu'a, sannan ɗaya daga cikin matasan da suka yi ƙidaya ya karanta lambobin ba tare da sharhi ba. Daga nan a ba masu ƙaramin ƙarfi dama su fara magana, manya su biyo baya, mai unguwa ya zama na ƙarshe. Wannan tsari yana da dalili: idan Alhaji mai gidan bene ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ɗan ga-ruwan da ke kai masa ruwa kullum ba zai ce komai ba sai «haka ne, ranka ya daɗe», alhali shi ne ya san cewa kura mai jarka goma ba ta hawa tudu mai tsini sai an sauke rabi.

Liman yana da rawar da zai taka a nan, domin shari'a ba ta bar maganar hanya ba. Akwai hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, akwai wanda ya umurci masu zama a bakin hanya su ba ta haƙƙinta, akwai kuma wanda ya ce idan an yi saɓani kan faɗin hanya a bar mata zira'i bakwai. Na ƙarshen nan yana da amfani ƙwarai a unguwannin da kowa ya ɗan turo dakalinsa ko ramin masansa cikin layi har ya zama motoci biyu ba sa iya giftawa.

Idan tudun rage gudu aka zaɓa

Yawancin ƙorafin da ake yi kan tudu ba kan samuwarsa ba ne, kan mugun gini ne. Tudu mai kyau doguwar gangara ce mai tsawon mita uku da rabi zuwa huɗu a bin hanya, tsayinsa a tsakiya bai wuce santimita 10 ba, kwatankwacin faɗin tafin hannun babban mutum. Irin wannan mota tana hawa ta sauka lafiya idan tana tafiya a hankali, amma tana jijjiga mai gudu. Wanda aka saba yi mana, siriri mai tsini kamar an kwantar da falwaya, yana fasa salansa, yana kayar da babur, yana kuma sa direba ya tsaya cak sannan ya taka mai da ƙarfi don huce haushi, sai ƙura da ƙara su ƙaru a ƙofar gidan da aka so a kare.

Tudu guda ɗaya a dogon layi ba ya hana komai, domin da an wuce shi ake komawa gudu. Gara a yi biyu ko uku masu sauƙin hawa da tazarar mita 60 zuwa 100 a tsakaninsu da a yi guda ɗaya mai kama da katanga. Kada a sa shi a kan kwana, ko daidai mararraba, ko a ƙofar garejin wani. A shafa masa fenti fari ko rawaya, a kafa allo kafin a iso shi ta kowane ɓangare, kuma in da hali a sa shi ƙarƙashin fitila, domin tudun da ba a gani da dare tarko ne. Sai maganar ruwa, wadda ita ta ci mu a layinmu: kafin a zaɓi wuri, a tambayi tsofaffin mazauna inda ruwa ke bi a watan Agusta, a kuma bar masa rata a gefe zuwa kwata. Ratar kada ta yi faɗin da babur zai riƙa kutsawa da gudu, in ba haka ba an mayar da haɗarin daidai inda masu tafiya a ƙasa suke.

Layin da ke kaiwa asibiti ko ɗakin haihuwa yana buƙatar ƙarin tunani. A can, matse bakin hanya da dasa itatuwa a gefe yakan sa direba ya rage gudu da kansa ba tare da an girgiza majinyaci ba.

Manyan motoci, ƙyaure, da 'yan kabu-kabu

Kebbi ƙasar shinkafa ce, kuma lokacin girbi motocin shanshera da na taki da tifofin yashi ba su da iyaka. Layin unguwa ba a gina shi don nauyinsu ba; su ne ke karya kwalbati, su tsinka wayar lantarki, su fasa bututun ruwa. Abin da aka fi yi shi ne kafa ƙarfe a sama a bakin layi wanda babbar mota ba za ta iya shigewa ta ƙarƙashinsa ba. Dabara ce mai kyau in an samu izini, da sharaɗin ƙarfen ya zama mai buɗewa. Motar kashe gobara babbar mota ce, haka tankar ruwa, haka motar yashe masai, haka tifar da za ta kawo wa maƙwabcinku yashi ranar da zai fara gini. A yi mabuɗi uku, a ajiye a gidaje uku da kowa ya sani, ɗaya daga ciki ya zama gidan da ba a rasa mutum dare da rana.

Ƙyauren da ake rufewa da dare saboda tsaro shi ya fi kowanne jawo rigima. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, kuma titin gwamnati ba ya zama mallakar mazauna layi don sun sa masa ƙofa. Idan yanayin tsaro ya tilasta, a nemi amincewar hukuma a rubuce, a sanar da DPO, a tsayar da lokacin rufewa da buɗewa a rubuta a jikin ƙyauren, a bar ƙaramar ƙofa ga masu tafiya a ƙasa da masu keke, sannan kada a taɓa kulle shi sai da ɗan sintiri a tsaye riƙe da mabuɗi. Karɓar kuɗi daga masu wucewa kuwa ba hurumin unguwa ba ne ko kaɗan.

Game da 'yan kabu-kabu, kullum akan samu wanda zai miƙe ya ce a hana su shiga unguwa baki ɗaya. Wannan iko na gwamnati ne. Ita ce ta hana haya da babur a birnin Kano a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, ita ce kuma ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a Zamfara a shekarar 2021 saboda matsalar 'yan bindiga. Abin lura a Kano shi ne buƙatar sufuri ba ta gushe ba, A Daidaita Sahu, wato Keke Napep, ne suka cike gurbin, cunkoson ya sake kama. Abin da unguwa za ta iya shi ne yarjejeniya da shugabannin tasha: a ware musu inuwa guda da za su riƙa tsayawa nesa da ƙofar makaranta, su kuma su ɗauki alkawarin ladabtar da duk ɗansu da aka kawo lambarsa kan gudu. Ƙungiyar da ke iya hana mutum aiki na kwana biyu ta fi kowane allo tasiri.

Keke

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haye naira 1,000 a shekarar 2024. Mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon Raleigh ko Phoenix na mahaifinsu, ban da ɗalibai da manoman da dama can da keke suke gangarawa fadama da fartanya ɗaure a baya. Duk da haka, a taron unguwa da wuya ka ji wanda ya yi magana da sunan masu keke, domin har yanzu muna kallonsa a matsayin abin hawan wanda bai samu ba. Ina ganin wannan kuskure ne mai tsada, tunda kowane ɗalibin da ya tafi makaranta a keke ya rage babur ɗaya a layin, ya kuma rage wa mahaifinsa kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa.

Akan kawo misalin ƙasar Holan, inda keke ya zama abin hawan kowa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su ma ta hanyar makoki suka kai can: a shekarar 1971 haɗarin mota ya kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara, sai iyaye suka tashi da zanga-zanga a unguwanninsu, tsadar man da ta biyo baya a 1973 kuma ta ƙara wa maganarsu nauyi. Amma Holan ba ta san zafin Afrilu na Birnin Kebbi ba, lokacin da awo ke wuce digiri 40. A wurinmu, abin da mai keke ya fi buƙata bayan raguwar gudun motoci shi ne inuwa, sai gefen titi da aka share daga yashi, domin tulin yashin nan ne ke tura shi tsakiyar hanya. Fentin layin keke a kan titin da masu tireda da masu ajiye mota suka riga suka cinye gefensa ɓarnar fenti ce.

Abubuwan da unguwa za ta iya yi da kanta ba su da tsada. A sa mai walda ya yi ƙarfen jingina keke wanda za a iya ɗaure shi da sarƙa a ƙofar masallaci da makaranta, domin tsoron sata yana hana iyaye da yawa saya wa yaro keke. A bar wa mai gyaran keke wurin zama a cikin duk wani sabon tsari, kada a kore shi da sunan tsabtace hanya. A sayo tef mai ƙyalli a liƙa a bayan kekunan yara. A kuma roƙi jami'an FRSC su zo makaranta su koya wa yara bin hannunsu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, amma har yau za ka ga mai keke yana tunkarar motoci gaba da gaba yana zaton hakan ya fi aminci.

Fili, famfo, da rumfunan bakin hanya

Rigimar titi ba ta rabuwa da rigimar fili. Inda aka rasa filin ƙwallo, titi ne filin ƙwallo. Saboda haka idan akwai sauran fili a unguwa, kafin a fara gardamar ko shaguna za a yi ko rijiyar burtsatse ko ƙarin masallaci, a je ma'aikatar filaye a nemi ganin taswirar unguwar, a san abin da aka ware shi dominsa tun asali. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka amincewar unguwa kaɗai ba ta halatta gini, kuma filin da aka bari ba shaida yakan wayi gari da harsashin wani.

Rijiyar burtsatse tana jawo jama'a fiye da kasuwa. A sa famfunan ta cikin fili, nesa da bakin titi, a bar wurin da kurar 'yan ga-ruwa za su yi layi, a kuma gina inda ruwan da ya zube zai bi, in ba haka ba cikin wata uku kwaltar da ke gabanta ta ɓurme. Masu shayi da tsire da kayan miya kuwa, ja da baya ake nema daga gare su, taku biyu ko uku daga bakin kwata, ba kora ba. Fitilarsu da zamansu har tsakar dare wani tsaro ne da ba a biya. Rufe layi don ɗaurin aure ko walima a yi masa ƙa'ida guda da ta hau kowa: a sanar da mai unguwa kwana uku kafin ranar, a bar gefe ɗaya a buɗe, a kwashe rumfa kafin dare. Jana'iza ba ta shiga wannan ƙa'ida.

Gwaji, kuɗi, da takarda

Duk abin da aka amince da shi, a fara da na wucin gadi. Tsofaffin tayoyi da aka cika da ƙasa, da durom, da buhunan yashi sun isa a matse bakin layi ko a nuna inda ƙarfe zai tsaya, bayan an sanar da hukuma. A ba shi kwana talatin, sannan matasan nan su sake ƙidaya a lokutan da suka yi ta farko, a layinku da kuma layukan maƙwabta. A shekarar 2020 ƙananan hukumomi da dama a Landan sun toshe layukan unguwanni da manyan tukwanen shuka a matsayin gwaji. Wasu sun tabbata, wasu kuma an cire su bayan mazauna titunan kewaye sun koka cewa cunkoson ne aka turo musu. Tukunya ana ɗauke ta a yini ɗaya, siminti kuwa sai da diga da ɓacin rai. A faɗi ranar sake zama tun a taron farko, domin wanda bai yarda ba ya san yana da ranar da za a saurare shi.

Kuɗin karo-karo a ajiye shi a asusun banki da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu cikin uku, kada ya kwana a aljihun kowa komai amanarsa. A ba da rasit, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a bangon masallaci kowane wata. A bar ƙofa ga wanda ba shi da kuɗi ya biya da aikin gayya.

Takardar koke kada ta wuce shafi ɗaya: sunan layi, abin da aka ƙirga, abin da ake nema, abin da unguwa ta ɗauki nauyin yi da kanta, da sa hannun mai unguwa da wakilan kowane ɓangare, har da na 'yan kabu-kabu. A haɗa da zanen layin da hotuna biyu ko uku. A kai wa shugaban ƙaramar hukuma, a ba kansila da hakimi da DPO da ofishin FRSC kwafi, kuma kada mai kaiwa ya baro ofis sai an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da zai dawo da shi. Tunda gwamnatoci kan gabatar da kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, takardar da ke neman babban aiki kamar kwalbati ko fitilun sola gara ta isa kafin watan Satumba.

Aikin kansa yana da lokacinsa. Yashe kwata a watan Mayu ake yi kafin ruwa ya sauka, aikin siminti kuma bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba. Dashen dogon yaro a gefen layi sai Yuli, sa'ad da ƙasa ta jiƙu sosai, a nisanta shi daga wayar lantarki da bakin kwata, a kewaye kowane dashe da tubali ko ƙaya saboda awaki, a kuma rubuta sunan gidan da zai riƙa ba shi ruwa daga Nuwamba har faɗuwar damina ta gaba.